Mako Biyar da Sista Ta Yi Shiru

Shekara goma sha tara Sista ta yi tana aiki a ɗaki na ƙarshe na asibitin, can bayan ɗakin gwajin jini, inda matan da ke ɗauke da cutar ƙanjamau suke zuwa karɓar magani. Ɗakin ba wani girma gare shi ba: teburi ɗaya, kujeru biyu, sikeli, sai wata tsohuwar fanka da ke kuka kamar tana roƙon a sallame ta. Amma a cikinsa an faɗa wa Sista abubuwan da mace ba ta faɗa wa uwar da ta haife ta. Ba ta da gaggawa, ba ta zare ido, kuma in mace ta fara kuka ba ta cewa ta yi haƙuri, sai dai ta tura mata kwalin tishu ta ci gaba da goge teburinta har kukan ya ƙare don kansa.

Da aka kawo aikin bincike asibitin, ɗakinta aka fara nema. Mata ɗari shida za a bi har shekara uku. Duk wata uku a ɗebi jininsu a ga yawan ƙwayar cutar, a duba ko sun kamu da ciwon sanyi ko tunjere, a kuma yi musu tambayoyi a kan zamansu na gida. Ba a rubuta sunan kowa, lamba ake ba mace. Sista ba ta ƙi aikin ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne wadda aka turo ta jagorance shi, domin ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, autar gidansu.

Shekara goma sha huɗu ke tsakaninsu. Sista ce ta goye ta, ita ta yi mata tsarki, ita ta kama hannunta ta koya mata rubuta baƙi. Lokacin da mahaifinsu ya rasu, Sista ce ta haƙura da burin zama likita ta tsaya a makarantar jinya don a samu mai riƙe gida. Auta kuwa ta yi ta tafiya, daga wannan jami'a zuwa waccan, har ta dawo da farin gilashi da sunan Dokta. A gida tana cewa Yaya. A wurin aiki kuwa sai ta ce Sista, kamar kowa, wai don kada a ce ana son kai. Sista ta san gaskiyarta ce, amma duk sanda ta ji kalmar daga bakin yarinyar da ta yi wa wanka a baho, sai wani abu ya ɗan motsa mata a ƙirji.

Wata ranar hutu suna shanya wanki a gidan Inna, mahaifiyarsu, Auta ta yi ƙorafin cewa ta rasa gane me ya sa mata suke tsallake shan magani in sun yi tafiya ko an yi baƙi. Sista tana matse zane ta yi dariya, ta ce ai ba abin mamaki ba ne, robar maganin ce ke tona musu asiri. Ƙwayoyin suna kacau-kacau a jaka, uwar miji ta ji ta tambaya, ko maƙwabciya ta ce me kika ɓoye. Shi ya sa mace take barin robar a gida. Ta ce ita tuntuni take cusa wa nata matan auduga a cikin robar. Ta faɗa ne kawai, kamar yadda ake faɗin rana ta yi zafi.

Auta ta ajiye wankin ta ɗauko wayarta ta rubuta. Aka ƙara tambaya a takardar bincike. Bayan wata tara aka gano kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa barin maganinta saboda wannan ƙarar. Aka sauya musu mazubi zuwa 'yar jakar leda marar sauti, tsallaken ya ragu sosai. Farfesan da ke kula da aikin daga babbar jami'a ya yi murna, aka rubuta maƙala, aka buga.

Ranar da aka yi hira da Auta a rediyo, Inna ta ƙure muryar rediyon ta aika a kira maƙwabta. Sista na zaune a bakin gado tana yanke wa tsohuwar farce. Ta ji ƙanwarta tana cewa "mun lura", "mun gano", da muryar nan tata mai natsuwa. Inna tana ta share hawaye tana cewa Allah ya yi wa 'yar nan albarka, kanta kamar na mahaifinta. Sista ta ce amin. Da Auta ta kawo mata maƙalar washegari, ta duba sama ta ga sunaye bakwai, har da na wani da bai taɓa taka asibitin ba. Ta bi shafuka har ƙarshe. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an gode wa ma'aikatan jinya bisa haɗin kai. Ta ce ma sha Allah, ta sa takardar a aljihun teburi, ƙarƙashin kwalin safar hannu. A ranta kuwa cewa ta yi, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Daga nan ta fara lissafin abubuwan da da ba ta kula da su. Ofishin Auta da na'urar sanyaya ɗaki, nata da fanka. In baƙi suka zo, a nuna musu Dokta, ita kuwa a wuce ta ƙofarta a ce nan ne ake ɗibar jini. Hatta yadda mai gadi yake miƙewa in motar Auta ta shigo, sai da ya fara ba ta haushi.

A cikin shekara ta biyu wata matsala ta ɓullo. Akwai mata arba'in da ɗaya da ba su taɓa saɓa ranar zuwa ba, suna karɓar magani a kan kari, suna rantsuwa ba ya kwana a hannunsu, amma ƙwayar cutar sai ƙaruwa take yi a jininsu. Da yawansu kuma a yi musu maganin ciwon sanyi, bayan wata uku ya dawo. Farfesa ya zargi na'urar gwaji. Mai ɗakin gwaji ya ji haushi, ya ce a sake kawo jinin. Wani ya ce ko zafi ne ya lalata maganin a sito. Aka yi ta kai da kawowa.

Sista kuwa ta sani.

Cikin matan nan akwai wata da kowa ke kira Mai Kitso, lamba ɗari biyu da sha biyu, mace mai fara'a da surutu, wadda in tana jiran layi sai ta kama kan ta kusa da ita ta fara tsefewa. Ranar da sakamakonta ya fito, Sista ta rufe ƙofa ta ajiye biro, ta ce mata ba takarda yau, hira za su yi. Mai Kitso ta yi ta zagaye-zagaye, can ta sunkuyar da kai ta faɗi gaskiya. Mijinta mai walda ne. Wata shida ke nan yana ramewa yana tari, ya kuma san abin da ke damunsa, amma ya rantse ba zai zo ya zauna a benci cikin mata ana kallonsa ba, ga shi mai gadin asibitin abokin cinikinsa ne. Ita kuma ba za ta iya haɗiye magani tana kallon uban 'ya'yanta yana narkewa ba.

"Sai muke rabawa, Sista. Yau ni, gobe shi."

Sista ta yi mata faɗa sosai. Ta gaya mata maganin mutum ɗaya in aka raba shi biyu ba ya warkar da kowa, sai ma ya koya wa cutar yadda za ta gagari maganin. Mai Kitso ta yi alkawarin za ta lallaɓo shi. Da za ta fita ta juyo ta ce kada Sista ta ɗauka ita kaɗai ce, su da yawa ne, a bencin nan suke koya wa juna. Cikin kwana uku Sista ta gwada wasu mata huɗu da irin tata dabarar, uku suka amsa.

Ranar Litinin aka yi taron mako. Auta ta haska jadawali a bango, layuka ja suna hawa sama, ta ce ta juya lissafin ta kowace fuska ta rasa bakin zaren. Ta bi kowa da tambaya, har ta iso ƙarshen teburi.

"Sista, ko akwai abin da kika lura da shi?"

Maganar tana kan harshenta. Sai ta ga biro a hannun ƙanwarta, a shirye yake ya rubuta, kamar wayarta ranar wanki.

"Ni ai awo da ɗibar jini ne nawa, Dokta. Ku ne masu karatu."

Aka yi 'yar dariya. Auta ta dube ta ɗan lokaci, ta wuce kan magana ta gaba.

A hanyar gida Sista ta yi ta wanke kanta. Ai amana aka ba ta. Ai ta yi wa matan faɗa, iyakar aikinta ke nan. Amma ba yarinya ba ce, ta san za ta iya faɗin abin ba tare da ta kama sunan kowa ba. Ta kuma san faɗa ba zai kawo mazan asibiti ba. Sai an buɗe musu wata ƙofa da wani lokaci, wannan kuwa sa hannun Auta yake buƙata. Ta ce wa kanta mako ɗaya kawai, ta ga iyakar karatun. Mako ɗaya ya zama biyu.

Auta ta fara zabgewa. Taron da za ta gabatar da sakamakon aikin yana matsowa, Farfesa yana kira safe da yamma. Mai ɗakin gwaji ya sake gwada jini arba'in da ɗaya, ya fito da amsa iri ɗaya, ya daina gaisawa da kowa. Sista tana ganin ƙanwarta ta taga tana wucewa da fayil a ƙirji, kafaɗa a sake, sai ta ji wani daɗi mai ɗaci wanda ba ta so ta tsaya ta duba. Inna ma ta lura. Ta kira Sista gefe ta ce Auta ba ta cin abinci, ta riƙa kama mata ko da 'yan ƙananan ayyukan ne, tunda manyan sai masu ilmin. Tsohuwar ba ta san ta zuba gishiri a gyambo ba. Sista ta ce to, ta ƙara ƙulle bakinta.

A mako na biyar Mai Kitso ta zo ba ranarta ba. Ba ta tsefe kan kowa a benci ba. Ta ce jiri take ji da tashin zuciya, kuma ta kwana biyu ba ta ga al'adarta ba. Sista ta gwada, ta kuma sa aka duba ta. Ciki ne, wata uku da 'yan kwanaki. Gwajin tunjere da aka yi nan take shi ma ya nuna, alhali an yi mata allurarsa a bara. Mijin kuwa bai zo ba, kuma ba su daina rabon ba.

Mai Kitso ta dafa cikinta ta tambaya ko abin zai taɓa yaron.

Sista ta san amsar tun tana ɗaliba. In ƙwayar cutar ta yi yawa a jinin uwa, hanya a buɗe take zuwa ga jariri, tunjere kuma yana iya kashe shi tun a ciki. Ta ce mata an zo da wuri, akwai abin yi. Ta kai ta wurin likitan masu ciki, ta tsaya aka yi mata allura, ta rako ta har bakin titi. Ta dawo ɗakinta ta zauna. Mata arba'in da ɗaya, ta ce a ranta, yawancinsu a shekarun haihuwa. Su nawa ne cikinsu suke da abin da Mai Kitso take da shi ba su sani ba?

Ƙarfe uku na yamma ta tura ƙofar ofishin Auta ba sallama. Ta ƙi zama. A tsaye ta faɗi komai, ba ta kama suna ba. Auta ta cire gilashi, idonta ya yi haske, ta jawo kwamfuta ta duba, ta ga talatin da takwas cikin matan suna da miji a gida, kuma kusan duk sun ce mijin bai taɓa gwaji ba. Ta fara magana da sauri a kan abin da za a yi. Sai ta tsaya cak.

"Yaya, tun yaushe kika sani?"

"Mako biyar."

"Ranar da na tambaye ki a taro?"

"Na sani a ranar."

Auta ta tambaya me ta yi mata. Sista ta so ta ce amana ce ta hana ta, amma ta gaji da wannan ƙaryar. Ta ce maganar auduga tata ce, a bakin igiyar shanya ta faɗe ta, aka ɗauka aka sa mata riga da hula aka kai rediyo, ita kuma aka gode mata cikin ma'aikatan jinya.

"Saboda suna a takarda, Yaya? Kika bar matan nan mako biyar saboda suna a takarda?"

"E. Saboda shi."

"Wallahi ban taɓa zaton kina so ba."

"Shi ne ai. Ba ki zata ba."

Auta ba ta ba da haƙuri ba, Sista ma ba ta nema ba. Ƙanwar ta juya ta kalli bango, sannan ta ce ranar Litinin Sista ce za ta tashi ta faɗa wa taro da bakinta, ita ba za ta sake ɗaukar maganar kowa ba. Amma ba za a jira Litinin ba kafin a fara kiran matan.

A yammacin suka zauna teburi ɗaya suna kiran waya, kowa da rabin jerin lambobi, ba mai kallon wani.

Ranar Litinin Sista ta miƙe ta yi bayani, Farfesa yana saurare ta waya. Ya ce wannan babban abu ne, ya tambayi wace ce mai maganar. Ba wanda ya tambaye ta tun yaushe ta sani, sai ta faɗa da kanta. Mai ɗakin gwaji ya ɗago ya kalle ta, kallon da ta gwammace a zage ta da shi. Wata guda ya yi kafin ya sake amsa gaisuwarta.

Aka buɗe ƙofar gefe ta wajen ɗakin magani, ranar Asabar da yamma, aka sa ma'aikacin jinya namiji. Matan da suka yarda aka ba su abin gwaji na gida su kai wa mazansu, waɗanda suka ji tsoron abin da zai biyo baya kuwa ba a matsa musu ba. Asabar ta farko mutum biyu ne suka zo. Ta uku sai ga mai walda, sanye da baƙin tabaran aikinsa har cikin ɗaki, wai ƙarfe ne ya faɗa masa a ido. Ma'aikacin ya ce masa to bari a fara duba jinin, idon ya biyo baya. Ya fita da maganinsa na kansa.

Cikin wata huɗu maza ashirin da shida suka zo. Mata biyu sai da aka sauya musu magani domin na farkon ya daina yi musu aiki. Ƙwayar cutar ta kwanta a jinin Mai Kitso tun kafin ta haihu, ta sami 'ya mace, gwajin farko ya fito lafiya, saura na bayan yaye. Amma akwai mace ɗaya, lamba ɗari uku da tara, da aka yi ta kira, wayarta a kashe. Sista ta je gidan da kanta aka ce sun tashi. Ta zo asibiti sau ɗaya a cikin makonnin nan biyar, Sista ce ma ta auna ta. Ko da an yi magana da wuri da an riƙe ta, ko da ma tafiyar za ta yi, ba wanda zai iya gaya mata. Ta bar fayil ɗin a kan teburinta, ta hana a mayar da shi kabad.

Auta ta je taronta ta dawo. A maƙala ta biyu sunan Sista ne na uku. Ta duba, ta ji daɗi, daɗin kuma bai kai yadda ta zata ba. A gidan Inna suna gaisawa suna cin abinci kwano ɗaya, amma hirar ba ta wuce lafiyar tsohuwar. Inna ta tambaya sau biyu ko wani abu ya faru, kowacce ta ce gajiyar aiki ce.

Sai wata Laraba da safe Auta ta leƙo ɗakin ƙarshe, ta ce in ba damuwa tana so ta riƙa zama ana ganin mata, ita ma ta koyi ji. Sista ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce ta cire farar rigar, ta bar kwamfutar a ofis, ta ja kujera can kusurwa, kuma kada ta buɗe baki sai an tambaye ta. Auta ta ce to, Yaya.

Laraba uku tana zaune kamar gunki, mata suna shigowa suna hararar ta suna rage murya. A ta huɗu wata matashiya ta shigo, sabuwar kamu, matar wani direba. Sista ta yi ta jan ta da hira ta ƙi sakin jiki. Can yarinyar ta juya wajen kusurwa, ta tambayi Auta ko ita ma tana da aure. Auta ta saci kallon yayarta, sannan ta ce a'a, an dai kusa sau ɗaya, abin ya watse. Yarinyar ta yi murmushi, ta gyara kujerarta ta fuskance ta, ta fara magana. Ta faɗi yadda ta gano, da abin da mijin ya ce, da dalilin da ya sa har yau ba ta gaya wa uwarta ba.

Sista tana zaune a bayan teburinta na shekara ashirin da ɗaya, ana ba wata labari a ɗakinta, ita ko kallonta ba a yi. Kishin nan ya taso mata, yadda ya saba. Ta gane shi sarai. Ta ɗan jira ko zai sauka, bai sauka ba. Sai ta miƙe a hankali, ta ce bari ta je ta karɓo sakamako a ɗakin gwaji, ta fita ta ja musu ƙofa. A benci akwai mata goma sha ɗaya suna jira, ta zauna a tsakiyarsu ta fara tambayar wa ta ci abinci kafin ta fito.